Fangalin Gasayar Kaka

A garin Arlit akwai wata yarinya mai suna Siddiƙa. Shekarunta goma sha ɗaya. A nan aka haife ta, a nan ta yi wayo. Ba ta taɓa ganin gonar damina ba, sai dai a hoton littafi.

Mahaifinta, Malam Zayyadu, mutumin Damagaram ne. Ya daɗe yana aiki a ramin ma'adinai na Akokan. Da aka rufe ramin bai koma gida ba. Ya samu ƴar garka a bayan gari, yana shuka salati da tumatir da albasa.

Siddiƙa tana da ƙoƙari a lakkol, wato makarantar boko. Ranar da aka yi jarrabawa a kan tsirrai, ita ta zo ta ɗaya. Ta zana saiwa da kara da ganye, ta rubuta sunan kowane. Malamarsu ta ɗaga littafin rubutunta ta nuna wa ƴan aji. Tun daga ranar Siddiƙa ta ɗauka babu abin da ba ta sani ba a kan shuka.

A shekarar ne Malam Zayyadu ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauyensu, kusa da Mirya. Tsohuwar ba ta da lafiya, kuma babu mai kula da ita a can. Yaran gidan suna ce mata Kaka. Ita kuma tana kiran Siddiƙa ƙawarta.

Kaka ba ta saba da abincin Arlit ba. A kawo shinkafa, ta duba ta ture. A kawo taliya, ta ce ita ba ta cin igiya. Kullum tana ramewa.

"Kaka, ki ci ko loma biyu ne," in ji Siddiƙa.

"Bakina ba ya so, ƙawata."

"To me bakinki yake so?"

Kaka ta ce, "Kwaɗon gasaya. Ɗanya, wadda aka tsinko da safe."

Mahaifiyar Siddiƙa, Balki, ta je kasuwa ta samo busasshiyar gasaya. Ta jiƙa, ta dafa, ta kwaɗa. Kaka ta ɗanɗana sau ɗaya ta ajiye.

"Allah ya yi miki albarka, Balki. Amma wannan ta kwana biyu a buhu. Warin buhun kawai nake ji."

Likita kuwa ya faɗa wa Malam Zayyadu gaskiya. Ya ce magani ba zai yi aiki ba in ciki babu abinci.

Wata safiya Kaka ta kira ɗanta. Ta kwance wani ɗan ƙulli a bakin zanenta. A ciki akwai iri, ƙanana baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gero ba.

"Irin gasayar gonarmu ne," in ji ta. "Tun na mahaifiyata nake ajiyewa. Shi ke nan ya rage mini. Ka gwada, ko ƙasar nan za ta karɓa."

"Zan gwada, Inna."

Malam Zayyadu ya gyara fangali guda kusa da ɗan dabinon garkarsa. Ya zuba taki, ya watsa irin duka, ya ba shi ruwa. Bayan mako uku ya shigo gida da fara'a.

"Inna, gasayarki ta fito. Saura kaɗan a fara tsinka."

Ranar Kaka ta sha kunu rabin kofi don murna.

Da Asabar ta zo, Malam Zayyadu zai kai Kaka wurin likita. Ya kira Siddiƙa.

"Ki je garka ki cire ciyawar da ke cikin salati. Wannan kin iya. Amma fangalin da ke kusa da dabino na Kaka ne. Ciyawa ta shiga cikinsa. Kada ki taɓa shi sai Baba Ismaghil ya nuna miki."

"Baba, ai na san shuka. Ni na zo ta ɗaya."

"Na sani. Duk da haka ki tambaye shi."

Baba Ismaghil shi ne maƙwabcinsu a garka. Tsoho ne dogo, mutumin Abzin, daga wajen Dannet. Da can makiyayi ne. Fari ya kashe masa dabbobi, ya dawo Arlit ya kama aikin garka tun ba a haifi Siddiƙa ba. Harshensa Tamajak ne, Hausa kuwa da girmansa ya koye ta. In zai yi magana da mace sai ya ce "kai". In zai ce "ta zo" sai ya ce "ya zo". Yara sukan yi masa dariya a ɓoye. Siddiƙa ma tana cikinsu.

Ta isa garka da hantsi. Ta cire ciyawar salati, ta gama da wuri. Sai ta nufi fangalin Kaka ta tsuguna.

Tsiro iri biyu ta gani a ciki. Ɗaya siriri ne, kore shar, yana ƙyalli, ya miƙe tsaye kamar ƴan albasa. Ɗayan kuwa ganyensa a rarrabe kamar yatsun hannu. Karansa yana da gashi-gashi, yana manne wa yatsa. Ta murza ganyen ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Wannan mai warin shi ne ciyawa," ta ce a ranta. "Kaka ba za ta ci abu mai wari haka ba. Mai kyan nan shi ne gasaya."

Baba Ismaghil yana can ƙarshen garkarsa. Da yake bi da bi ake raba ruwan garka, ranar shi ke da ruwa, yana buɗe wa fangali ɗaya yana toshe ɗaya. In ya bar wurin, ruwan zai ɓalle. Ya hango ta ta saman shinge.

"Yarinya, ka jira ni. In na gama ruwa ina zuwa."

Siddiƙa ta rufe baki tana dariya. Ta ce a ranta, wanda bai iya bambanta mace da namiji ba, shi zai koya mata ciyawa?

"Ka bari, Baba, na iya," ta amsa.

"Ka jira dai."

Ba ta jira ba. Ta shiga tuge mai warin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta bar ko guda ba. Ta kwashe ta watsar a kan yashi a bayan shinge. Rana ta riga ta yi zafi, yashin kamar an gasa shi. Ta dawo ta dubi fangalin. Siraran nan kawai suka rage, sun yi tsaf. Ta wanke hannu, ta zauna a inuwa tana jiran yabo.

Da rana ta take, Malam Zayyadu ya iso. Siddiƙa ta tare shi da gudu.

"Baba, zo ka gani. Har na Kaka na gyara."

Ya tsaya a bakin fangalin. Ya duba shi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina gasayar?"

"Ga ta nan."

"Wannan jiji ne, Siddiƙa. Ciyawa ce. Ina abin da kika cire?"

Ta nuna bayan shinge.

Baba Ismaghil ya gama ban ruwa, ya ƙaraso. Su uku suka je wurin. Tsiron duk sun yanƙwane, sun yi baƙi. Tsohon ya ɗauki ɗaya, saiwar ta karye a hannunsa. Ya girgiza kai.

"Ya mutu. Rana ya cinye shi."

Wannan karon Siddiƙa ba ta yi dariya ba.

"Me na ce miki da safe?" in ji mahaifinta.

"Ka ce in tambayi Baba Ismaghil."

"Kin tambaye shi?"

"A'a."

"Ya yi miki magana?"

"Ya ce in jira shi."

Malam Zayyadu bai dake ta ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba ni zan faɗa wa Inna ba. Ke za ki faɗa mata da bakinki."

Hanyar gida ta yi wa Siddiƙa tsawo. Ta tarar da Kaka a kishingiɗe a kan tabarma. Ta durƙusa a gabanta, ta faɗi duk abin da ya faru. Ba ta ɓoye komai ba, har dariyar da ta yi wa tsohon.

Ta so a ce Kaka ta yi mata faɗa. Amma Kaka ta dafa kanta kawai.

"Ba komai, ƙawata. Allah bai yi zan ci ba."

Sannan ta juya fuskarta wajen bango. Da yamma aka kawo mata abinci, ko buɗewa ba ta yi ba.

Siddiƙa ta shiga madafa wurin mahaifiyarta tana kuka.

"Mama, in Kaka ta mutu ni na kashe ta."

"Kul, kada ki ƙara faɗin haka," in ji Balki. "Rai a hannun Allah yake. Kin yi kuskure, kuka kuma ba zai gyara shi ba. Kaka ta yafe miki. Saura mutum ɗaya."

"Baba Ismaghil?"

"Shi. Gobe ki je ki ba shi haƙuri."

Washegari Siddiƙa ta bi mahaifinta garka. Ta tarar da tsohon yana dafa shayi a gindin shinge. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka ce in jira, na ƙi. Kuma na yi maka dariya."

"Na ji dariyan," in ji shi. "Hausana karyayye ne, na sani. Amma idona bai karye ba. Tashi, ya wuce."

Sai suka ji ƙarar hauya. Malam Zayyadu ne zai kafce fangalin Kaka ya shuka salati. Baba Ismaghil ya miƙe da sauri.

"Zayyadu, ka dakata. Iri nawa ka zuba a nan?"

"Duka na zuba."

"Duka suka fito?"

"Ban ƙirga ba."

"Gasaya ba ya tashi rana ɗaya. Wani iri yana da nauyin barci. Ka ba ni kwana goma. Kada hauya ya shiga nan. A cire jiji da hannu, a hankali, a yi ta ba shi ruwa."

"Ruwana sai bayan kwana uku yake zuwa," in ji Malam Zayyadu. "Kuma ba ni da lokacin zama a kan fangali ɗaya."

"Ruwa akwai a tafkina. Kullum a ɗebi bokiti biyu. Aiki kuwa, ga mai shi." Ya nuna Siddiƙa.

"Zan yi, Baba," ta ce da sauri. "Kullum in an tashi daga lakkol zan zo."

A ranar aka fara. Baba Ismaghil ya tsuguna kusa da ita, ya tsinko karan jiji ɗaya ya ba ta.

"Murza shi a yatsa. Me ka ji?"

"Ba ya juyawa sosai. Yana da kusurwa."

"Nawa?"

Ta duba da kyau. "Uku."

"Ganyen albasa fa?"

Ta ruga fangalin albasa ta dubo. "Shi zagaye ne, cikinsa rami. Kuma yana ƙanshin albasa."

"To, ka gani. Yanzu tona."

Ta sa ɗan tsinke ta tona a hankali. Saiwar siririya ce kamar zare. A ƙarshenta akwai wani ɗan baƙin abu mai tauri, kamar aya.

"Shi ya sa wasu suke ce masa aya-aya," in ji tsohon. "In ka tsinke sama ka bar wannan a ƙasa, kwana uku ya dawo. Har ya kawo ƴan'uwansa."

Aikin ba sauƙi. Ranar farko ko rabin fangalin ba ta yi ba. Bayanta ya yi ciwo, farcenta ya cika da ƙasa. Amma ba ta yi ƙorafi ba.

Kullum da la'asar sai ta zo. In ta gama ban ruwa, Baba Ismaghil yakan zaga da ita cikin garka. Ya nuna mata kiri-kiri, mai rarrafe a ƙasa. Kowace gaɓa tasa tana kafa saiwa, in an ja ɗaya sai a ga ya tafi har fangali na gaba. Ya nuna mata fasa-ƙabba, mai jan kara da ganye mai kauri cike da ruwa.

Rannan ta tuge fasa-ƙabba ta jefar a bakin hanyar ruwa.

"Ɗauke shi daga nan," in ji tsohon. "In ya ji danshi zai sake kamawa. Kai shi kan yashi."

Tsaido kuwa ba sai an nuna mata ba. Ta cire takalmi tana tafiya, ta taka ƙayarsa, ta yi tsalle tana riƙe da ƙafa. Baba Ismaghil ya cire mata ƙayar yana murmushi.

"Wannan ya gaya maka sunansa da kansa. Ka ga ɗan furensa rawaya? In ka gan shi, ka tuge kafin ya yi ƴaƴa."

Akwai wata ciyawa mai kai kamar sawun kaza. Ya ce sunanta guɗe-guɗe. Ita ba a zubar da ita, tarawa ake yi a kai wa jaki. A bayan shinge kuma suka ga wani tsiro mai faɗin ganye da farin fure kamar kakaki. Siddiƙa ta miƙa hannu za ta tsinko furen. Tsohon ya riƙe hannunta.

"Zaƙami ke nan. Guba ne. Ba a ci, ba a ba dabba, ba a wasa da ƴaƴansa. In ka taɓa, ka wanke hannu."

Ya sa hauya ya sare shi, ya kai nesa ya binne.

Rana ta huɗu ta ga wani tsiro a gefen tumatir. Babu wanda ya shuka shi. Ta kama za ta tuge, sai ta tsaya.

"Baba, wannan fa?"

"Madalla da ka tambaya. Rukuɓu ne. Da kansa yake fitowa, amma abinci ne. Mutanenku suna cinsa. Akwai ɗan'uwansa mai ƙaya a jiki, shi ake cirewa."

Ya zaga garkarsa duka ya tsinko mata rukuɓu cike da ƙwarya.

"Kai wa tsohuwa. Ba gasaya ba ne, amma ɗanye ne."

Balki ta dafa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Kaka ta ci loma huɗu. Ba yawa, amma rabonta da cin haka an daɗe.

Fangalin kuwa shiru. Kwana biyar, kwana shida, babu komai sai sabon jiji. Siddiƙa ta fara karaya.

"Baba, anya akwai sauran iri?"

"Ban sani ba. Allah ya sani. Mu dai mu ba shi ruwa."

Rana ta takwas ta tsuguna tana tonon jiji. Sai ta ga wasu ƴan tsiro ƙanana a gefe, ba su kai tsawon farce ba. Wasu jan kara gare su, ta gane fasa-ƙabba ne. Amma akwai wasu dabam. Ganyensu na tsakiya ya rabu uku. Ta janye hannunta, ba ta taɓa ba.

"Baba Ismaghil, zo ka gani."

Ya zo ya duƙa, ya daɗe yana dubawa.

"Mene ne?" ta tambaya.

"Kai za ka faɗa mini."

"Wadda na tuge yatsu biyar gare ta. Wannan uku ne."

"Yaro ne tukuna. Me kuma za ka duba?"

Ta sa yatsa ɗaya ta shafa karan a hankali. Yana da gashi-gashi, yana ɗan mannewa. Ta kai yatsan hanci. Warin nan ne, wanda ta yamutsa wa fuska. Yau kuwa ya yi mata daɗi fiye da turare.

"Gasaya ce," ta ce. "Baba, gasaya ce."

"Gasaya ne. Ƙirga."

Guda tara ta samu.

Ta ruga gida ba ta wanke hannu ba. Ta zauna kusa da Kaka, ta miƙa mata yatsanta.

"Kaka, shinshina."

Kaka ta shinshina. Ta kama hannun da kyau ta sake shinshinawa. Sannan ta tashi zaune, abin da ta kwana biyu ba ta yi da kanta ba.

"A ina kika samo?"

"A fangalinki. Guda tara suka fito."

"Alhamdu lillahi," in ji Kaka. Idonta ya kawo ruwa. "Ashe da sauran rabo."

Ba duka taran suka rayu ba. Fara ta cinye ɗaya. Zafin rana ya ƙone biyu. Da Baba Ismaghil ya ga haka, ya yanko ganyen dabino ya kafa musu ƴar rumfa. Ya kuma kawo takin awaki daga gidansa. Siddiƙa ta ci gaba da ɗibar ruwa a tafkinsa. Kwana goman da ya nema sun wuce tuni, amma bai taɓa cewa ya isa ba.

Guda shidan suka girma. Ganyensu ya koma yatsu biyar. Da suka kai gwiwar Siddiƙa, tsohon ya ce lokaci ya yi.

"Ba tugewa ake yi ba. Kan kawai ake tsinkewa, sai ya yi rassa ya ƙara ganye. Huɗu na ci ne. Biyun nan na gefe kada a taɓa su."

"Don me, Baba?"

"Su za su yi fure, su yi iri. Wanda ya cinye duka, baɗi ba shi da komai."

Ranar Asabar da sassafe Siddiƙa ta tsinko ganyen ta kai gida. Kaka ta ce babu mai dafa mata sai a gabanta. Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin madafa, tana ba da umarni. A tafasa, a zubar da ruwan farko saboda ɗaci. A sake tafasawa, a matse. Balki ta daka ƙuli-ƙuli, Siddiƙa ta yanka albasa da tumatir.

Kaka ta yi bisimilla ta kai loma. Ta lumshe ido tana taunawa. Kowa yana kallonta. Ta ƙara loma, ta ƙara. Ba ta ɗago ba sai da ta ga gindin kwano.

"Akwai saura?" ta tambaya.

Malam Zayyadu ya yi dariya har da share ido.

"Akwai, Inna."

"To ba ni zan ci ba. A zuba a kwano mai kyau a kai wa mutumin nan. Ku ce masa tsohuwa tana godiya. Ku ce ina sa shi a addu'a, shi da zuriyarsa."

Siddiƙa ta ɗauki kwanon, mahaifinta yana biye da ita. Suka sami Baba Ismaghil yana gyaran shinge. Ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu, ta isar da saƙon Kaka.

Ya sauke rawaninsa kaɗan daga baki, ya ɗanɗana. Ya ɗan ɓata fuska.

"Da ɗaci," in ji shi. "Wannan ne kuka sha wahala a kansa?"

Suka yi dariya su duka. Amma ya cinye tas.

"Baba, na gode," in ji Siddiƙa. "Na yi maka rashin kunya, kai kuma ka ba ni ruwanka da lokacinka. Ban san da me zan saka maka ba."

"Ka riƙe abin da ka koya, ka koya wa ƙannenka. Ya ishe ni."

"Allah ya saka da alheri, Baba Ismaghil," in ji Malam Zayyadu. "Da na kafce fangalin nan, da shi ke nan."

"Amin. Maƙwabci ai don haka yake."

Tun daga ranar, duk bayan kwana kaɗan ana tsinko wa Kaka gasaya. Bakinta ya buɗe, ta fara cin tuwo, har shinkafar ma tana taɓawa. Kafin a rufe lakkol don hutu ta fara takawa zuwa ƙofar gida da sandarta.

Wata rana suna dawowa daga garka, Malam Zayyadu ya tambayi ƴarsa, "Me kika koya a wannan abu?"

Siddiƙa ta yi ɗan tunani.

"Na koyi jiji da kiri-kiri da fasa-ƙabba da sauransu."

"Shi ke nan?"

"A'a. Na koyi cewa in ban tabbata ba, in tambaya kafin in sa hannu. Kuma kada in raina mutum don maganarsa ba irin tawa ba ce. Yana iya sanin abin da ban sani ba."

"Haka ne," in ji mahaifinta. "Karatun lakkol ilimi ne, abin da ke kan tsofaffi ma ilimi ne. Ki riƙe duka biyun. Kuma duk wanda ya taimake ki, kada ki manta da shi."

"Ba zan manta ba, Baba."

Ba ta kuwa manta ba. Duk ranar da Baba Ismaghil yake da ruwa, Siddiƙa takan je ta tsaya masa a bakin fangali, tana buɗewa tana toshewa, shi kuma ya samu ya zauna a inuwa ya sha shayinsa.